Babur Mai Caji: A Bincika Kafin A Zargi Kwanturola

Duk mai bin titin Zariya da safe, daga gadar Dangi zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ya kan ga wani irin babur yana wucewa shiru, ba hayaƙi, ba ƙarar salansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, masu ƙaramin albashi suka fara waiwayar babur mai caji. Wani malaminmu da ke zaune a Tarauni yana cikinsu. Wata rana babur ɗin ya mutu masa a Gyadi-Gyadi. Bakaniken da ya kai wa bai ɗora mita ba, sai ya ce kwanturola ce ta ƙone. Malam ya sayi sabuwa da kuɗin da ya ware domin hatsin gida, aka ɗaura, babur ya ƙi motsi. Da aka turo shi ɗakinmu na koyon aikin lantarki, sai muka tarar ɗan makunnin da ke jikin hannun birki ne ya maƙale. Tsohuwar kwanturola lafiyarta lau. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Babur mai caji ba shi da kabureta ko fulogi. Abubuwa huɗu ne ke tafiyar da shi: batir, totur, kwanturola, da injin da ke cikin tayar baya. Mu ɗauki batir kamar madatsar ruwa ta Tiga, inji kuwa kamar gonakin Kadawa. Kwanturola ita ce mai tsaron ƙofar ruwa. Totur ya kan gaya mata yawan wutar da mahayi ke so, ita kuma ta sake ta daidai gwargwado. Amma an koya mata ta rufe ƙofa in ta ga hatsari. Saboda haka sau da yawa in babur ya tsaya, aikinta take yi, laifin yana wani wuri.

Mu kan fara da batir. Yawancin ƙananan baburan nan na volt 48 ne, wato batir huɗu masu volt 12 da aka jera bi da bi, ko kuwa ƙunshi ɗaya na lityam. In ya cika, mita za ta nuna sama da 50. In wuta ta sauka zuwa wajen 42, kwanturola ta kan yanke da kanta domin kada batir ya lalace. A nan ne mutane ke ruɗewa, gama batir mai rauni ya kan nuna 50 sa'ad da babur ke tsaye, amma da an murza totur sai ya faɗi warwas. Tilas a auna shi yana cikin aiki, sa'an nan a auna huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sau tari guda ne ya mutu yake jan 'yan'uwansa ƙasa. Yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa a unguwanninmu, batir da yawa ba sa samun cikakken caji, wannan kuwa yana rage musu kwana.

Bayan batir sai fis da makulli da bakin wayoyi. Ƙurar hunturu da ruwan Agusta duk suna shiga soket su sa tsatsa. Sai birki. A jikin kowane hannun birki akwai makunni da ke gaya wa kwanturola ta yanke wuta da zarar an matse. In ya maƙale, fitila za ta kama, oda za ta yi ƙara, amma taya ba za ta juya ba. A zare soket ɗinsa a gwada. Aikin minti biyu ne, kuma shi ne abin da ya ci kuɗin malaminmu.

Totur yana da wayoyi uku. Tsakanin ja da baƙa ya kamata a sami kusan volt 5. Ta ukun, wadda galibi koriya ce, ta kan tashi daga wajen 1 zuwa wajen 4 yayin da ake murzawa. In 5 ɗin tana nan amma ta ukun ba ta motsi, totur ne ya mutu, kuma ya fi kwanturola araha nesa. In kuwa babur yana fizga yana gurnani kafin ya tashi, a duba siraran wayoyi biyar da ke fitowa daga gindin tayar baya tare da masu kauri uku. Su ne ke sanar da kwanturola inda inji ya juyo. Wurin da suke fita daga ƙarfen taya ya kan goge su, musamman in babur ya taɓa faɗuwa ta wannan gefen.

To, yaushe ne laifin na kwanturola? Akwai gwajin da muka fi yarda da shi. A kashe makulli, a ɗaga tayar baya, a juya ta da hannu. In ta yi tauri kamar an taka birki, a zare wayoyi ukun nan masu kauri daga kwanturola a sake juyawa. In ta sake, to 'yan makunnan da ke cikin akwatin sun ƙone sun haɗe. Warin ƙuna da fis mai yawan yankewa suna ƙara tabbatar da haka.

Wajen sayen sabuwa, a tafi da tsohuwar a hannu. Lalle volt ya zo ɗaya, ƙarfin amp kuma ya yi kusa da na da. Wasu samari su kan sa babba domin gudu. Mu dai ba mu ga amfaninsa ba, gama inji da batir ne ke biyan bashin. Kafin a zare kome a ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu, domin kamfanoni ba su bin launi ɗaya. A cire batir tukuna, a kunna makulli na ɗan lokaci domin sauran wutar da ke cikin akwatin ta zube. A cire zobe da agogon ƙarfe. A haɗa wayoyin inji, da na totur, da na birki, batir ya zo ƙarshe, ja ga ja, baƙa ga baƙa. Juya waɗannan biyun sau ɗaya ya isa ya kashe sabuwar nan take. Kwanturola da yawa suna da wayoyi biyu, galibi farare, da ake haɗawa na ɗan lokaci taya tana sama, domin ta koyi yadda injin ke juyawa. In ta juya gaba sumul, sai a raba su.

Saura tambaya guda kafin a rufe murfi: me ya kashe ta farkon? In wayar inji ce ta goge tana taɓa ƙarfe, sabuwar ma ba za ta kwana ba. In zafi ne, a tuna a watan Afrilu zafin Kano ya kan haura digiri 40, ga mutum biyu da buhu suna hawan gada. A ɗaure akwatin inda iska ke ratsawa, kada a naɗe shi da leda, bakin wayoyinsa kuma ya dubi ƙasa domin ruwa ya gangara.