Kafin Maigida Ya Shigo Da Marsandi 'Yar Gwanjo

Yau a wannan fili namu zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da mota, ai sha'anin maza ne. To, 'yar'uwa, ki ɗan dakata tukuna. In maigida ya sayi mota, daga rumbun gidanki za ta ci, kuɗin makarantar 'ya'yanki za ta taɓa, kuma ranar da naƙuda ta kama ki da tsakar dare ita za a tayar. Wadda abu ya shafa har haka, ba a ce ba ruwanta ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, da aka gama sayar da shinkafar rani, maigidana ya dawo daga Kano da hoto a wayarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Marsandi ce E350 ƙirar 2008, baƙa wuluk, kujerun fata, sai sheƙi take yi. Dillali ya ce masa 'yar Beljiyam ce, ba a taɓa hawanta a Nijeriya ba, kuma kuɗinta bai kai na wata Corolla da ke ajiye kusa da ita ba. Kuɗin shinkafa bai isa ba, saura kaɗan. Cikon kuwa ni ake so in yi, da kwasar adashena da kuɗin raguna biyu da na kiwata. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce ya ba ni mako biyu. Abin da na gano cikin makonnin nan shi zan gaya miki, don wataƙila gobe irin wannan hoto ya zo gidanki.

Iyayenmu ba su san wannan ciwon kai ba. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, 504 kuwa ba bakaniken da bai san cikinta da wajenta ba, daga Haɗejiya har Birniwa. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma wa gwanjo na ƙasashen Turai da Amurka. Shekaru da yawa ta Kwatano suke shigowa, har Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa. A cikin wannan gwanjo ne manyan motocin alfarma suke zuwa, irin su Marsandi da BMW da Lexus, waɗanda a sabuntarsu sai attajiri.

Tambayar da na fara yi wa kaina ita ce, me ya sa motar da a sabuwarta ta ninka Corolla kuɗi har fiye da sau biyu yau ta fi ta araha? Amsar ba ta da wuya. Kuɗin motar ne ya sauka, kuɗin ciyar da ita bai sauka ba. Mu mutanen Haɗejiya mun san doki. Ko kyauta aka ba ka ingarma, dawa da harawa da kanwa da ɗan barga suna wuyanka kullum. Mai ita na farko ya rabu da ita ne da ta fara neman gyara, masu saye kuma sun san haka, shi ya sa farashinta ya karye. Araha dai ba ta ado.

Mu fara da fetur. Ke 'yar makaranta, ɗauko fensir, wannan lissafi ne irin wanda nake ba 'yan ajina. Tankin irin wannan Marsandi da ake kawowa daga Amurka lita 80 yake ci, na Corolla lita 50. A cikin gari, Marsandin takan sha kusan lita 14 a tafiyar kilomita 100, Corolla kuwa wajen lita 9, wato ko da suna da cikakkiyar lafiya ke nan. Kafin ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A wannan farashi, cika tankin sau ɗaya naira 80,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da aka zartar a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Farashi yakan hau yakan sauka, saboda haka ki tambayi kuɗin lita a gidan man unguwarku, ki ninka da 80, ki ajiye amsar kusa da abin da ke shigowa gidanku a wata.

Baƙin mai ma haka. Injin nan mai silinda shida lita 8 yake sha a kowane juye, kuma ba kowane mai ba, sai mai tsada. Corolla lita 4 da ɗan wani abu ya ishe ta. Wasu manyan Marsandi ma ba a kan sifirin suke zaune ba, a kan jakunkunan iska ne, in ɗaya ta huje sai a wayi gari mota ta durƙusa kamar raƙumi. Makullinta kuma ba irin wanda ake yankawa a kasuwa ba ne, in yaro ya jefa shi a rijiya an shiga uku.

Sai batun mai gyara. Bakanikenmu na nan gari gwanaye ne, ba raini, amma hannunsu ya fi sabawa da Golf da Sharan da Toyota, motocin da suke gani kullum. Ita wannan kuwa jikinta duk waya ne da ƙwaƙwalwa, sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. In an gano, sai a aika Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara, in babu sai Ladipo a Legas. Kayan kuma da dala ake shigo da su, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. Mota tana zaune a gareji, maigida yana zirga-zirga a motar haya, ke kuma kina rage cefane.

Amma duk wannan, matar Kano ko ta Zariya ma za ta iya faɗa miki. Abin da ya shafe mu mu kaɗai shi ne ruwa. Allah ya zaunar da mu a fadama. Ruwan da ya taso daga wajen Tiga da Challawa ta nan yake bi ya nufi Nguru, kachala kuma ta toshe masa hanyoyi da yawa, shi ya sa in Agusta da Satumba suka zo sai ya bazu inda ya ga dama. Ba wadda ta manta 2020, balle 2022, da matasa suka kwana suna cika buhunan ƙasa a kan jinga don kada ruwa ya ci gari, ƙauyuka da dama na ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma kuwa sai da kwalekwale. Motar alfarma don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka ƙera ta, cikinta kusa da ƙasa yake. Injin mota numfashi yake yi kamar mutum. In ta shiga ruwa mai zurfi ya zuƙi ruwa maimakon iska, nan take ƙarafunan ciki suke lanƙwashewa, sai dai sabon inji. In ma injin ya tsira, ruwan da ya shiga ƙarƙashin dardumarta ya jiƙa wayoyi zai yi ta cinsu a hankali. Ko da rani ma, hanyar gona da ta ƙauyen iyayenki rairayi ne da kwazazzabo, ƙasan motar zai yi ta dukan tudu.

Na ga wannan da idona. Wani maƙwabcinmu ya sayi irinta da kuɗin riɗi, aka yi ta zuwa sa albarka. Cikin daminar 2022 ya ce zai ratsa wani ruwa da ya hau hanya, don ya ga wata a-kori-kura ta wuce lafiya. A tsakiya ta mutu. Bayan kwana tara naƙuda ta kama matarsa da dare, a keke mai ƙafa uku aka kai ta asibiti, motar miliyoyi tana ƙofar gida. Allah ya sauke ta lafiya. Yarinyar yanzu da ƙafarta take zuwa Islamiyya, motar kuwa tana nan an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna sha mata inuwa.

Akwai kuma wadda ruwa ya riga ya ci tun a ƙasarsu. Duk sanda guguwa ta yi ambaliya a Amurka, irin ta Katrina a 2005 da Harvey a 2017 da Ian a 2022, dubban motoci suke nutsewa, kamfanonin inshora su yi gwanjonsu, wasunsu a wanke a goge a auno su ƙasashenmu. A nan ne mace ta fi namiji amfani, don hancinmu ya san warin ɗaki mai danshi. In an kawo mota a gani, ki shiga ki rufe ƙofa, ki shaƙa. In kin ji warin rima, ko turare ya yi yawa kamar ana ɓoye wani abu, ki yi shakka. Ki jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ki ga ko da tabon ruwa. Ki leƙa ƙarafunan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. A ɗaga shimfiɗar but, a duba ramin safayar taya ko da busasshen taɓo. Agogon da ke nuna nisan tafiya kuwa kada a dogara da shi, ana mayar da shi baya.

Takardu kuma a bi su a hankali. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Dole ta zama ɗaya da wadda ke takardar kwastan, kuma a je ofishin kwastan a tabbatar an biya haraji cikakke kafin a ba da ko kwabo, in ba haka ba wata rana a kan hanyar Kano za a sauke ku da yara. A rubuta takardar ciniki da shaidu. Inshorar dole kuma tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ita kuwa ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta biyan motarku.

Wani abu da maza kan manta: mutum biyar kawai take ɗauka, da direba. Ki ƙirga gidanku. In akwai abokiyar zama da yara shida, ranar biki a Malam Madori wa za a bari?

Kada ki ce na tsani motar. Wallahi da na shiga wata irinta, sai na ji kamar a ɗaki nake. Jikinta da ƙarfi, birkinta da kyau, tana da jakunkunan iska masu kare mutum ranar hatsari, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai yara. Wanda yake da wata motar ta shiga gona, kuma gyaran dubu ɗari uku ba zai taɓa tukunyar gidansa ba, ya saya, Allah ya sa alheri. In kuma maigida ya nace sai ta alfarma, ki ambata masa Lexus ES 350, don injinta ɗaya ne da na Camry mai silinda shida, kayan gyaranta sun fi samuwa. Sai dai ita ma 'yar kwalta ce, ba ta san fadama ba.

Ku kuma 'yan mata, ina ganin yadda kuke leƙe ta katanga in babbar mota ta tsaya zance a layi. Yanzu dai kun iya lissafin tankinta.

Saura yadda za a faɗa wa maigida, wanda ya fi duk lissafin wuya. Namiji in ya ƙwallafa rai a kan mota, ya riga ya hango kansa a cikinta ranar Juma'a. In kin ce masa ba zai iya riƙe ta ba, kin taɓa girmansa, gobe za ki gan ta a ƙofar gida. Kada ki yi maganar a gaban yara ko baƙi, kada kuma ki yi ta yana shigowa da yunwa. Kuɗinki kuwa naki ne, shari'a ta ba ki. In kyauta za ki ba shi, ki ba shi da zuciya ɗaya. In rance ne, ki ce rance ne, a rubuta, Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, ba rashin kunya ba ne.

Ni da makonnin nan biyu suka cika, bayan sallar isha'i na kawo masa shayi da takardar lissafina. Na ce, "Malam, ga wani lissafi ya ɗaure mini kai, ka duba mini ko na yi kuskure." Ya daɗe yana kallonta. Ya ce kuɗin baƙin mai na sa ya yi yawa, ya gyara da biro, na ce na gode. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ni ma na kama bakina. Kwana uku ba mu tayar da zancen ba, har na fara zaton ya yi fushi.

Ran Laraba da safe yana ɗaura agogo, sai ya ce ran Asabar zai koma Kano, wannan karon tare da bakanikensa, za su duba wata mai dogayen ƙafafu da kujeru layi uku, amma Marsandin ma sai an jona mata kwamfuta ya ji da kunnensa. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Adashen na yarda in ba da rance in an samu wadda bakanike ya aminta da ita. Ragunan kuwa na ce a bar mini su, na kuɗin makarantar yara ne.