Dogaran intanet: suna tare ɓarawo, suna tare ɗan aike

Ma'aikata da yawa a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa sun san wannan abin takaici. Mutum ya zauna gaban kwamfuta, wadda a biro aka fi kira ordinata, ya buɗe shafin neman gurbin karatu ko na sayen tikitin jirgi, ya rubuta sunansa da ranar haihuwarsa, ya danna wurin aikawa, sai shiru. Ba a ce an karɓa ba, ba a ce an ƙi ba. Wani lokaci jerin garuruwan da zai zaɓa daga ciki ya ƙi saukowa, wani lokaci kuma shafin ya tsaya fari fat kamar takardar da alƙalami bai taɓa ba. Galibi akan ɗora laifin kan raunin layi, sau da yawa kuma gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, shi ne ƙananan manhajojin tsaro da ake liƙa wa burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Firefox da Chrome. Aikinsu gadi ne, don haka babu laifi in an kira su dogarai.

Kafin a gane yadda dogari ke hana aiki, sai an san yadda shafi yake. A farkon zamanin intanet shafi rubutu ne da hoto, a karanta a wuce, tamkar sanarwar da aka manna a allon ma'aikata. A shekarar 1995 wani ma'aikacin kamfanin Netscape na Amurka, Brendan Eich, ya ƙirƙiro harshen umarni da ake kira JavaScript, cikin kwana 10 kacal. Da wannan harshe mai shafi ke rubuta umarni, umarnin ya taho tare da shafin, ya sauka cikin na'urar mai karatu, ya yi aikinsa a can. Shi ne ke duba ko lambar wayar da aka rubuta ta cika, shi ke sauko da jerin garuruwa, shi ke ɗaukar takardar da aka cike ya kai ta inda aka nufa. Ke nan duk wanda ya buɗe shafi ya ba baƙo izinin shigowa ɗakinsa ya taɓa kaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Baƙon kuwa ba shi kaɗai yake zuwa ba. Shafi guda yakan kira umarni daga gidaje masu yawa: wannan na masu talla ne, wancan na masu ƙidayar baƙi, ga na taswira, ga na banki mai karɓar kuɗi, ga na jarrabawar nan da ke tambayar mutum ya nuna shi ba na'ura ba ne. Mai karatu sunan gida ɗaya ya rubuta, amma ayari ne ya shigo masa.

A cikin ayarin nan ɓarawo ke ɓuya, kuma an sha gani. A watan Maris na 2016 tallace-tallace masu ɗauke da mugun umarni sun bayyana a shafukan manyan kafofin labarai, har da BBC da New York Times, ba da sanin masu shafukan ba, domin daga dillalan talla suka zo. Saboda irin wannan haɗari ne dogaran suka samu karɓuwa. Mafi tsananinsu shi ne NoScript, wanda Giorgio Maone, mutumin Palermo ta ƙasar Italiya, ya fitar a 2005. Ƙa'idarsa gajera ce: kowane umarni haramtacce ne sai wanda mai na'ura ya halatta da hannunsa, gida bayan gida. Akwai Adblock Plus na Wladimir Palant, da ya fito a 2006, da uBlock na Raymond Hill, da ya fito a 2014 kuma aka san shi daga baya da uBlock Origin. Waɗannan biyu da jerin sunaye suke aiki: masu aikin sa kai ke tattara adireshin masu talla da masu bin sawun jama'a, duk wanda sunansa ke cikin jerin a mayar da shi daga bakin ƙofa.

To, a nan matsalar take. Dogari adireshi yake dubawa, ba ya ganin zuciya. Idan mai shafi ya ɗora aikin madannin aikawa kan umarnin da ke zuwa daga wani gida, dogari ya tare wancan gida, madannin ya mutu. Abin da ya fi wannan ban haushi shi ne shafin da aka gina bisa tsammanin cewa mai ƙidayar baƙi zai iso: umarnin shafin ya kira shi, bai amsa ba, sai sauran aikin duka ya tsaya cik, alhali ƙidayar ba ta shafi bukatar mai karatu da komai ba. Har ma yakan faru hoto ko akwatin rubutu ya ɓace don kawai sunan da magini ya raɗa masa ya yi kama da kalmar talla a Ingilishi. Ga wanda ke biyan kuɗi lamarin ya fi muni, domin biyan yakan ratsa gida uku ko huɗu, daga mai kaya zuwa dillalin biya zuwa banki. In aka tare ɗaya a tsakiya, mutum bai san ko kuɗinsa sun fita ba, in ya sake dannawa kuma yana iya biya sau biyu.

Wani abin da ya auku ranar 11 ga Fabrairu 2018 ya nuna yadda amfani da cuta ke shigowa ta ƙofa ɗaya. Akwai wata manhaja mai suna Browsealoud, ta kamfanin Texthelp, wadda ke karanta rubutun shafi da murya saboda makafi da waɗanda karatu bai zauna musu sosai ba. Hukumomi da yawa sun saka ta a shafukansu. A ranar, wasu ɓarayi suka kutsa suka cusa mata umarnin da ke sa na'urar mai karatu ta yi musu aikin haƙo kuɗin intanet da ake kira Monero. Shafuka fiye da 4.000 suka kamu, ciki har da na kotunan Amurka da na hukumar kare bayanan jama'a ta Ingila ita kanta. Wanda ke da NoScript ya tsira a ranar, tun da umarnin daga baƙon gida ya zo. Amma wannan tarewa da ta cece shi ita ce a sauran ranakun shekara ke hana makaho jin abin da shafin ke cewa.

A shekarar dai, tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Satumba, aka saci bayanan katin banki a shafin kamfanin jiragen sama na British Airways, abin da ya shafi mutum kimanin 400.000, har hukuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020. Layi 22 na umarni ɓarayin suka ƙara, kuma cikin umarnin gidan kansa suka saka su. Duk mai sayen tikiti dole ya halatta wannan gida, in ba haka ba ba zai sayi komai ba, saboda haka izinin da ya bayar ya haɗa da ɓarawon. Wanda ya ɗauka dogari ya ɗauke masa dukan haɗari bai fahimci iyakar aikinsa ba.

Rikicin dogarai biyu

Dogaran ma ba su bar junansu lafiya ba. A shekarun baya Maone yana samun abin rufin asiri daga tallar da ke shafinsa, kuma duk lokacin da NoScript ya sabunta kansa yakan buɗe wa mutum wannan shafi. Masu kula da jerin EasyList, wanda Adblock Plus ke aiki da shi, suka saka tallar Maone cikin jerin. Ya sauya dabara, suka ƙara tsanantawa, ya sake sauyawa, har tarewar ta kai ga lalata aikin shafin nasa. Daga nan sai ya yi abin da bai kamata ba: ya ɓoye wani umarni cikin NoScript wanda ke shiga aikin Adblock Plus ya hana shi tare tallarsa, ba tare da ya sanar da kowa ba. Ranar 1 ga Mayu 2009 Palant ya tona asirin a bainar jama'a. Cikin ƴan kwanaki Maone ya nemi gafara, ya cire abin da ya saka, ita kuwa Mozilla, mai Firefox, ta fito da ƙa'idar cewa kada wata manhajar ƙari ta sauya wa mutum tsarin na'urarsa ba da yardarsa ba. NoScript ya ci gaba da aiki, yana kuma cikin burauzar Tor da ƴan jarida da masu gudun sa ido ke amfani da ita. Sai dai labarin ya nuna cewa dogari yana da iko a cikin gida fiye da kowane baƙo, yana ganin duk shafin da aka buɗe, don haka ba kowane ake ɗauka ba, kuma tara su uku ko huɗu a na'ura guda neman rigima ne.

Masu gina burauza sun yi ta neman tsaka-tsaki. A 2013, da fitowar Firefox 23, Mozilla ta cire ɗan akwatin da ake kashe JavaScript da shi daga wurin zaɓuɓɓuka, domin mutane kan kashe shi bisa kuskure, su ga shafuka sun lalace, su ce burauzar ce ba ta da kyau. A watan Maris na 2021 ta kawo dabarar SmartBlock: in an tare mai bin sawu, sai a tsayar da wani na bogi a gurbinsa, wanda zai amsa kira amma ba ya kai rahoto ko'ina, shafi ya ci gaba da aikinsa. Google kuwa wata hanya ta bi. Ta sauya ƙa'idojin manhajojin ƙari na Chrome, ta rage musu ikon tare abu yadda suka ga dama, kuma tsakanin 2024 da 2025 cikakken uBlock Origin ya daina aiki a Chrome, sai ƙaraminsa mai suna Lite. Kamfanin ya ce don tsaro da sauri ya yi haka. Masu suka suka tunatar da cewa mafi yawan kuɗin Google daga talla suke fitowa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Nauyin da ke kan masu shafi

Da yawa daga maginan shafi kan ce wanda ya ɗauki dogari shi ya jawo wa kansa. Wani bincike na gwamnatin Ingila ya raunana wannan magana. A 2013 sashen da ke kula da shafin GOV.UK ya auna baƙinsa, ya tarar mutum 1 cikin 93 umarnin JavaScript ba ya aiki a wurinsa. Abin lura shi ne rabon: kimanin 2 cikin 1.000 ne suka kashe shi ko na'urarsu ba ta iya shi, amma 9 cikin 1.000 ba su kashe komai ba, umarnin ne bai iso ba ko ya lalace a hanya. A watan Janairu na 2014 ma matatar kare yara ta kamfanin Sky a Ingila ta tare adireshin jQuery bisa kuskure, wato wani tarin umarni da ɗimbin shafuka ke aro, sai shafuka suka lalace wa mutanen da ba su liƙa komai a burauzarsu ba. Saboda irin haka ne gwamnatin Ingila ta sa wa ma'aikatanta ƙa'ida: a fara gina shafi ya yi ainihin aikinsa da rubutu tsantsa, sa'an nan a ɗora ƙawa a bisa.

Idan haka ta faru a ƙasar da layi ke da ƙarfi, ina ga inda mafi yawan jama'a da wayar hannu suke shiga, layin yana zuwa yana ɗaukewa? Ga shafi, umarnin da dogari ya tare da wanda layi ya yar a hanya duk ɗaya ne: bai iso ba. Shafin da ya jure wa NoScript zai jure wa raunin layi a ƙauyen Dakwaro ko Magariya. Ya kamata jami'in da zai ba da kwangilar gina shafin hukuma ya san wannan, ya sa a gwada masa a gabansa: a kashe JavaScript, a ga ko sanarwa tana karantuwa, a ga ko takarda tana tafiya. Inda aikin ba ya yiwuwa sai da umarni, to shafin ya faɗa a fili, da harshen da mutum zai gane, ya ambaci gidajen da ake bukatar a halatta. Harshen gina shafi yana da wurin da aka tanada musamman don wannan saƙo tun shekarun 1990, layi biyu ne, amma da yawa ba sa cika shi. Kuma babu hujjar da za ta sa takardar neman aiki ko ta biyan haraji ta dogara ga mai ƙidayar baƙi na wata ƙasa.

Shi kuma mai na'ura, in shafi ya ƙi motsi, ba sai ya kori dogarin gaba ɗaya ba, kamar yadda masu gyara kan ba da shawara don su huta. Kowane daga cikinsu yana da ɗan tambari a saman burauza. In an danna na NoScript zai nuna sunayen gidajen da ya tare, a halatta gidan da aka zo wurinsa tukuna, a sake buɗe shafin, in bai isa ba a ƙara na gaba, kuma akwai izinin wucin gadi da ke ƙarewa da an rufe burauza. A uBlock Origin madanni ɗaya ne ke dakatar da gadi a wannan shafi kaɗai, sauran shafuka suna nan a tsare. Sake buɗe shafi yakan share abin da aka riga aka rubuta, saboda haka a yi wannan gyara tun kafin a fara cike takarda, balle kafin a sa lambar kati. A biro inda mutum biyar ke aiki da ordinata guda, wanda ya liƙa dogarin ya rubuta sunansa da yadda ake buɗe shi a ƴar takarda, ya manna a gefen na'urar.