Gawo: iccen da masu ƙasa suka tsare, bisashe suka ci riba



Kowace shekara, daga watan Maris zuwa saukar damana, mu ma'aikatan kiwo kira ɗaya muke samu: saniya ta kwanta ta kasa tashi, a zo da allura. Mu je, mu duba, sau da yawa mu tarar ba cuta ba ce, yunwa ce. Na sha buɗe tumbin saniyar da aka yanka a bazara in iske leda da tsumma sun cika shi, don bisa in ta rasa haki, abin da ta gani shi take ci. Allura ba ta maganin wannan. Maganinsa na tsaye cikin gonaki da daji, shi ne icce. Yau ina so mu yi maganar yadda itatuwa suka dawo a kudancin ƙasarmu, da waɗanda suka maido su, da abin da ya rage gare ku.

Abin da gawo ke ba bisa

Kun san halin gawo. Da damana, sa'ad da kowane icce ke kore, shi yakan zubar da ganyensa, saboda haka bai yi wa hatsi inuwa. Da rani kuma, sa'ad da komi ya bushe, sai ya yi ganye ya yi ƴaƴa, su nuna su zubo daidai lokacin da karan hatsi da harawa ke ƙarewa.

Busasshen haki da kara suna cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Ƴaƴan gawo sun fi su wannan sinadari nesa ba kusa ba, kuma in bisa ta samu ko kaɗan ne kullum, cikinta ya fi iya narkar da karan da ta ci. Ɗanyen ganye kuwa na ɗauke da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, da ɓari, da haihuwar maraƙi marar ƙarfi. Ba gawo kaɗai ba: aduwa, magarya, bagaruwa da kalgo duk suna taimaka wa garke ya ƙetare rani.

Ku kuma san cewa garkenku na shuka gawo. Ƙwayarsa na da ɓawo mai tauri. In bisa ta ci ƴaƴan, wasu ƙwayoyin su kan fito cikin kashi ba su fashe ba, ɓawon ya yi laushi, ga taki kewaye da su, ruwan farko sai su tsiro. Gonar da shanu suka kwana cikinta da rani, ku duba ta da damana, za ku gani.

Yadda icce ya ɓace

Tsofaffin Damagaram na ba da labarin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, wanda ya hana saran gawo, ya kuma aza hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare. Ke nan kakanninmu sun san darajarsa tun kafin zuwan Nasara.

A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji, bayan samun mulkin kai dokar 1974 ta bi sawunta. Aka sa gawo cikin itatuwan da aka hana taɓawa sai da takarda. Niyya mai kyau ce, amma ga yadda mai gona ya fahimce ta: iccen da ke gonata ba nawa ba ne, na gwamnati ne, in na sare reshe tara za a ci ni. To, wa zai yi tattalin abin da ba nasa ba? Sai mutane suka riƙa tumɓuke ɗan icce tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu magana. Ga noman gujiya da garma da ke son fili tas, ga farin 1973 da na 1984. Gonakin Maraɗi suka zama fili, iska na binne shuka da rairayi, a yi shuka sau 2 ko 3 kafin ta kama.

Furoje da dama sun kawo dashe daga gandun reno. Mafi yawan dashen bai rayu ba.

Yadda ya dawo

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututturai masu rai, saiwarsu na can ƙasa tana shan ruwa. In aka bar rassa kaɗan aka aske sauran, icce zai tashi ba dashe, ba ban ruwa. Wannan ne muke kira sassaben zamani.

Lokacin yunwar 1984 an ba mutane cimaka don su bar itatuwa cikin gonakinsu. Da cimaka ta ƙare, aka sare wajen kashi 2 cikin 3. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani: itacen girki, abincin bisashe, shukar da iska ba ta kashewa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, gari ya koya wa gari. A Magarya, Matamai da Mirya, inda mutane suka yi yawa har saura ta ƙare, manoma suka cika gonakinsu da gawo da dabararsu. A cikin shekarun 2000, da masu bincike suka gwada hotunan sama na 1975 da na lokacin, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Ba gwamnati ta dasa su ba. Masu ƙasa ne suka tsare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsaro kuwa sai da doka, kuma mutanen gari suka kafa tasu. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, an yi kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya. Su ke kewaya gonaki, su ke kiran wanda ya yi ɓarna, su ke faɗa wa baƙin makiyaya dokar wurin. Hukuma ta biyo baya: tsarin dokokin karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 da ta amince cewa mai gona na da hakki a kan iccen da ya rena.

Haka take ga rijiya

Makiyayan arewa sun san wannan darasi ta wajen ruwa. A al'ada, wanda ya gina rijiya shi ke da fifiko. Baƙo ya zo ya roƙa, a ba shi ruwa, a yanka masa kwanaki gwargwadon hakin da ke kewaye, sannan ya yi gaba. Mai riƙe da ruwa shi ke tsaron makiyaya. Da aka gina manyan fanfuna na kowa da kowa a arewacin Tawa cikin shekarun 1960, ba mai cewa ya isa, garkuna suka taru, haki ya ƙare kewaye da su tun rani bai yi nisa ba. Dokokin 1993 sun amince da fifikon makiyaya a mazauninsu na asali, ba tare da korar baƙo ba, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo hakki ne.

Inda rigima take

Ban ɓoye muku ba, abin na da wuya ta ɓangarenku. Gawon da a da kowa ke kakkaɓa, yanzu yana da mai shi, wani ma na tsince ƴaƴan ya kai kasuwa. Na taɓa zuwa wani gari inda yaro ɗan kiwo ya hau gawo da dare ya sare kansa ƙarƙaf. Shanu sun ƙoshi dare ɗaya. Iccen ya yi shekaru bai yi ƴaƴa ba, kuma mutanen gari suka hana wannan rugar sauka gonakinsu. Yau ku gaya mini, wa ya yi asara?

Manoma ma su ji: wanda ya cinye burtali ko ya kewaye tabki da shuka, ya kori garken da ke kawo masa taki da irin gawo.

Abin da ya kamata ku yi

1. In kun sauka wuri, ku fara zuwa ga maigari ko kwamiti ku tambayi dokar itatuwa. Ku jira ranar sakin gonaki da hukuma ke tsaidawa kowace shekara.

2. Ku yi yarjejeniya da mai gona tun da farko, gaban shaidu: shanu su kwana su ba da taki, ku kuma ku samu kara da ƴaƴan gawo.

3. Ku kakkaɓe busassun ƴaƴa da ƙugiya maimakon saran reshe. Reshen da aka sare bana ba zai ba ku ƴaƴa baɗi ba.

4. In dole sai an sara, da yardar mai gona da sanin ma'aikatan gandun daji, kada a taɓa kan icce, kada a wuce kashi 1 cikin 3 na rassa. A sa ƙarfe mai kaifi, a fara sara daga ƙasan reshe don kada ɓawo ya tsage. A bar iccen ya huta shekara 2 ko 3.

5. Ku tsare awaki da raƙuma daga ƙananan itatuwan da aka aske. Ku gargaɗi yara ƴan kiwo, don yawancin ɓarna daga hannunsu take fitowa.

6. Ku ajiye ƴaƴan gawo a rumbu ko kan runfa, nesa da laima. Wanda ya yi fumfuna a zubar. Ku fara ba shanun tatsa, masu ciki da shanun noma, kaɗan-kaɗan, haɗe da kara.

7. Ku nemi kujera cikin kwamitin gari da kwamitin kula da filaye. Hardo ko garso ya riƙa zuwa taro. Dokar da aka yi ba ku nan, a kanku za ta faɗa.

Ku da ke da gona da garke duka, ku fara da taku gonar. Wajen sassaben bana, kowane kututture mai rai ku bar masa rassa 2 zuwa 5 mafi ƙarfi, ku aske sauran. Bayan shekara 3 ko 4 za ku fara cin amfaninsa, ku da bisashenku. Mai neman ƙarin bayani ya zo ma'aikatar kiwo mafi kusa, ko ya tare mu ranar allurar rigakafi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.