Gwajin Jini Kafin Aure da Gadon da Ba Mu Fahimta Ba

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano cikin watan Mayun 2024, ake ta mahawara a zauruka da majalisu, wasu na ganin an zo tona asirin 'ya'yan mutane ne, wasu kuwa, har da masu ilimin zamani, sun ɗauka duk wanda takardarsa ta nuna AS majinyaci ne da bai cancanci a ba shi mata ba. Alhali mai AS lafiyarsa lau. Illar tana zuwa ne in ya auri mai AS irinsa, domin kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato amosanin jini ko sikila, kuma ciki ba ya la'akari da abin da ya sami wansa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, wannan gado akwai hikimar Ubangiji a cikinsa, gama a 1954 Dakta Anthony Allison, bayan bincikensa a Gabashin Afirka, ya bayyana cewa yaro mai AS ya fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa abin ya yawaita a ƙasashen sauro har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yake ɗauke da shi. Kakanninmu ba su san wannan ba, amma sun san mace mai wabi, wadda za ta haifa ta binne, a raɗa wa na gaba Ajuji, a ɗora alhaki kan iska ko kishiya. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin waɗannan yara sikila ce ta ɗauke su. Wanda ya taɓa kwana da yaron da idanunsa suka yi ɗorawa, yatsunsa suka kumbura, uwarsa na gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi cikin hunturu har asuba, ba zai kira gwaji bidi'a ba.

To amma hukuma ta sani, gwajin da ake yi bayan an kai lefe, an raba goro, waliyyai sun sa rana, ya zo a makare, kuma shi ke tura mutane sayen takardar jabu. Me ya hana a gwada yara tun ranar rigakafi, ko a firamare da Islamiyya, limamai kuma su hau mumbari su bayyana cewa riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba?