Zangon Masu Keta Hamada: Yadda Hanyar Agadas Ta Cika Ta Kuma Watse

Daga Wakilinmu a Lafiya

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin da ya ratsa garin Lafiya, watau wanda ya taso daga Jos ya biyo ta Akwanga ya nufi Makurɗi, zai ga motoci iri iri suna kai da kawowa, daga tireloli masu ɗauke da doya zuwa tankokin mai da motocin fasinja. Amma akwai wata irin mota wadda da wuya ya gani yau, alhali kuwa shekaru arba'in da suka wuce ba baƙuwa ba ce a manyan hanyoyin Arewa. Ita ce motar masu yawon buɗe ido da suke ƙetaro hamadar Sahara daga ƙasashen Turai. Akan gane ta tun daga nesa, ta yi buɗu-buɗu da ƙura, an jera jarkoki da tayoyi a bisanta, an ɗaure shebur da faifan ƙarfe a gefenta, cikinta kuwa ga gado ga risho ga tukwane, kamar ɗaki ne aka sa wa ƙafafu.

Mutanen nan Kano suke fara sauka. Daga can waɗansu su yi Legas, waɗansu su bi ta Bauci su yi wanka a ruwan Wikki na gandun dajin Yankari, waɗanda kuma suka nufi Kamaru ta wajen Ikom sai su gangaro ta Jos da Lafiya su haye kogin Binuwai a Makurɗi. To, ina suka shiga? Amsar tana cikin wata tsohuwar kalma tamu, wato zango.

ZANGO TUN KAFIN MOTA

Mai karatu ya sani kakanninmu fatake ba su tashi tafiya sai sun san zangunansu. Madugu uban tafiya shi ke da sanin inda rijiya take, da inda za a sami ciyawar dabbobi, da sarkin da za a kai wa gaisuwa don ayari ya kwana lafiya. Haka masu zuwa Gwanja sayen goro suka yi, shi ya sa har gobe unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara ake ce musu zango. Haka kuma masu zuwa Keana da Awe sayen gishiri, nan cikin Jihar Nasarawa, suka yi ta yada zango a garuruwan wannan yanki.

A hamada kuwa lissafin ya fi tsanani. Ayarin raƙuman Buzaye da ke tashi daga ƙasar Azbin zuwa Bilma don ɗauko gishiri da dabino yana keta Tenere, tafiyar kimanin kilomita 600 daga Agadas, kuma rijiyoyin da ke tsakani ƙidayayyu ne. Wanda ya kuskure wa rijiya ya kuskure wa rai. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ƙetaro hamada, ya shiga Agadas cikin 1850, ya iso Kano cikin 1851, ayarin mutanen Azbin ya bi, a zangunansu kuma ya kwana.

ZUWAN MOTA

Mota ta fara keta Sahara daga arewa zuwa kudu ne tsakanin watan Disamba na 1922 da Janairu na 1923, sa'ad da motoci biyar na kamfanin Citroën, masu sarƙa a madadin tayoyin baya, suka tashi daga Tuggurt a Aljeriya suka isa Tambutu. Cikin shekarun 1930 har wani kamfanin Faransawa ya riƙa jigilar fasinja daga Aljas, ya bi ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram ya sauke a Kano. Ɗan Nijeriya ma bai zauna baya ba, domin cikin shekarun 1960 Newton Jibunoh ya tuƙo ƙaramar mota ƙirar Volkswagen shi kaɗai daga Landan, ya keta hamada ya iso gida.

Amma kasuwar hanyar ba ta ci sosai ba sai cikin shekarun 1970 da 1980. Samari da 'yan mata na Jamus da Faransa da Ingila da Holan sukan sayi Land Rover ko bas ƙirar Volkswagen, su cire kujerun baya su kafa gado da wurin girki. Waɗansu kamfanonin Ingila kuma sukan ɗebi mutum ashirin ko fiye a bayan babbar mota, da tantuna da buhunan abinci, a yi wata da watanni ana tafiya daga Landan har Nairobi. Akwai kuma masu wayo da suke sayen tsohuwar Peugeot 504 da araha a Turai, su tuƙo ta su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, ribar ta biya musu kuɗin jirgin komawa gida.

Da hunturu ake tafiyar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda da bazara zafin rana yakan wuce awo 45. A wancan zamani kwalta takan ƙare ne a Tamanrasat. Daga nan zuwa In Gezzam, garin iyaka na Aljeriya, kimanin kilomita 400 ne na rairayi da tsakuwa da gargada. Sai a shiga Jumhuriyar Nijar ta Asamaka, a yi wajen kilomita 200 kafin a ga Arlit, garin da aka fara haƙar ma'adinin yuraniyom cikin 1971. Babu titi, sai sawun tayoyin waɗanda suka riga ka, da 'yan alamu na ƙarfe ko ganga da aka kakkafa nesa da juna. Matafiyi ba shi da abin dogara sai kamfas da taswirar nan ta Michelin mai lamba 153. Idan mota ta kafe, sai a rage iskar tayoyi, a tone rairayi da shebur, a shimfiɗa faifan ƙarfe, a tura. Wata rana akan yi haka sau goma kafin rana ta faɗi. Gawawwakin motocin da aka bari a gefen hanya su ne suke yi wa na baya wa'azi.

ABIN DA ZANGO YA SAMAR

Mutumin da ya sha wannan wahala, ba ɗaki mai sanyi yake nema ba, tun da ya zo da ɗakinsa. Bukatarsa ita ce fili mai katanga da maigadi, da inuwa, da famfon ruwa, da makewayi, da bakanike kusa. Irin wannan zango aka yi a Tamanrasat da Agadas, shi ne kuma gwamnatin Jihar Kano ta tanada a kan titin Bompai, inda motocin da suka fito daga Damagaram suke yada zango, masu su su wanke tufafi, su gyara abin da ya karye, su tambayi waɗanda za su koma arewa ko suna da saƙo.

Kuɗin kwana a zango ba shi da yawa, amma abin da ke biye da shi ya fi shi. A Kano baƙin nan sukan shiga kasuwar Kurmi su sayi kayan fata, su je marinar Ƙofar Mata. A Agadas maƙeran azurfa da dukawa da masu gidajen abinci duk sun ci moriyarsu, sa'an nan samarin Buzaye da suka gaji sanin hamada daga iyayensu suka zama jagorori da direbobi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin kai baƙi yawo cikin duwatsun Azbin da Tenere. Watau dai aikin madugu ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya fara ran 26 ga Disamba, 1978, ta ƙara wa Agadas suna, domin sau da yawa nan ayarin yake hutawa. Hamada dai ba ta san ɗan sarki ba. Cikin Janairu na 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya cikin wannan gasa, sai jirgin sojan Aljeriya ne ya hango shi. Shi kansa Sabine ya rasu cikin Janairu na 1986 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali. Mota ma ta yi tata ɓarnar. Itaciyar nan tilo ta Tenere, wadda ayarin gishiri ya daɗe yana saiti da ita, wani direban babbar mota ne ya banke ta cikin 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

YADDA KASUWA TA WATSE

Abin mamaki shi ne, yayin da motoci suke ƙara ƙarfi, kwalta kuma take ƙara tsawo, sai baƙin suka ɗauke ƙafa. Cikin 1990 tawayen Buzaye ya tashi a arewacin Nijar, cikin 1992 kuma Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa, hanya ta toshe ta kai biyu. An yi sulhu a Nijar cikin Afrilu na 1995, amma a watan Disamba na shekarar Mano Dayak, wanda ya zama ɗaya daga shugabannin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgin sama. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake amsawa.

Baƙi sun fara dawowa kaɗan kaɗan, sai cikin 2003 'yan bindiga suka kama Turawa 32 masu yawo a kudancin Aljeriya. Tawaye ya sake tashi a Nijar daga 2007 zuwa 2009. An soke gasar Dakar ta 2008 bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, aka mai da ita Kudancin Amurka cikin 2009, daga baya Saudiyya cikin 2020. Cikin Satumba na 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Ko da hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya a 2013, masu zuwa kallo sun riga sun yi ƙaranci.

Direbobi da jagororin da suka rasa baƙi, da yawansu suka koma jigilar masu neman ƙetarawa Libiya da Aljeriya. Wannan tafiya kuwa ba ta da zango, domin gudun jami'ai yakan sa a kauce wa rijiyoyin da aka sani. Cikin Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, galibinsu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Da yawa daga cikinsu mutanen yankin Kance ne na jihar Damagaram, 'yan'uwanmu Hausawa. Gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana wannan jigila cikin 2015, gwamnatin soja kuma ta soke ta cikin Nuwamba na 2023.

A WAƊANSU ƘASASHE

Kada mai karatu ya zaci sha'awar kwana a hamada ce ta mutu. A jihar Arizona ta Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Quartzsite, wanda mazaunansa ba su kai dubu uku ba, amma kowane hunturu dubban motoci masu ɗaki suke cika filayen da ke kewaye da shi, galibi na tsofaffi masu gudun sanyin arewa. Hukumar filayen gwamnati ta keɓe musu wurare inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya zauna daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, an tanadar masa ruwa da wurin zubar da shara da bahaya. A garin ne ma kabarin Haji Ali yake, wani mai kiwon raƙuma da sojan Amurka suka ɗauko daga Gabas cikin 1856. A nahiyarmu kuma, Maroko ce take karɓar irin waɗannan motoci daga Turai kowace shekara.

Masu zuwa Nijeriya ta ƙasa ma ba su ƙare ba, hanya suka sake. Kunle Adeyanju da ya zo Legas daga Landan a kan babur cikin 2022, da Pelumi Nubi wadda ta iso cikin Afrilu na 2024 a 'yar ƙaramar Peugeot 107 da ta mayar wurin kwananta, dukansu ta Maroko da Muritaniya da Senigal suka biyo. Ba wanda ya bi ta Agadas, saboda haka ba wanda ya sauka Kano, balle ya ratso Lafiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙira ran 1 ga Oktoba, 1996, ba ta da hamada, kuma gyaran hanyar Tamanrasat ba a hannunta yake ba. Amma darasin ya shafe ta. Tana da ruwan nan mai gangarowa daga dutse na Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba, da duwatsun Eggon, da wuraren dafa gishiri na Keana, ga ta kuma a bakin Abuja inda masu mota da iyali suke neman wurin hutun ƙarshen mako. Kafin a yi zancen gina manyan otal-otal, ya kamata hukuma da sarakuna su duba abin da fatake suka sani tun da: fili mai shinge, ruwa mai tsabta, makewayi, hanyar da mota za ta iya bi da damina, da jagora ɗan gari wanda zai sami abin kai wa gida. Sama da duka, sai matafiyi ya tabbata zai kwana ya tashi ba wanda ya taɓa shi, domin labarin mutum ɗaya da aka sace yakan kori baƙi na shekara goma, kamar yadda mutanen Agadas suka gani da idonsu.

Hausawa suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya buɗe hanyoyin da suka toshe, amin.