Manhajojin Koyon Harshe na Intanet da Matsalar Furuci a Koyar da Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka fara koyar da harsuna a makarantu, malamai ba su gushe ba suna neman abin da zai taimake su wajen isar da darasi. An yi amfani da allo da alli, aka zo aka yi amfani da faifan garmaho da rediyo, daga baya kuma aka giggina ɗakunan sauraro a kwalejoji da jami'o'i, inda ɗalibi zai zauna gaban rikoda yana sauraron kaset yana maimaitawa. A yau kuwa wannan aiki ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Kalmar manhaja, wadda malamai suka sani da ma'anar tsarin darussan da aka tanadar wa aji, ta sami ƙarin ma'ana, watau shirin da ake ɗora wa na'ura don ta gudanar da wani aiki. Da wannan ma'ana ta biyu za a yi amfani da kalmar a nan.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana ire-iren waɗannan manhajoji da yadda suke aiki, sa'an nan a nuna inda suke gazawa idan Hausa ake son koyarwa. Tushen gazawar kuwa shi ne, yawancinsu a kan rubutu aka gina su, alhali rubutun Hausa na yau da kullum bai ɗauke da dukkan abin da baki yake furtawa ba.

2.0 Asali da Ire-iren Manhajoji

Koyar da harshe da kwamfuta ya girmi intanet. A shekarar 1960 aka fara gina tsarin PLATO a Jami'ar Illinois ta Amurka, wanda aka riƙa ba da darussan Faransanci da Rashanci da wasu harsuna ta cikinsa. A 1992 aka kafa kamfanin Rosetta Stone, wanda ya riƙa sayar da darussa a faifan kwamfuta. Yaɗuwar intanet da wayar hannu ita ce ta fito da wannan aiki daga harabar jami'a ta kai shi hannun kowa. Ana iya kasa manhajojin gida huɗu:

(a) Masu jerin darussa, kamar Duolingo, wadda Luis von Ahn da Severin Hacker suka buɗe wa jama'a a 2012. Takan ba ɗalibi gajerun jimloli ya fassara, ko ya cike gurbi, ko ya saurara ya rubuta, ta kuma gyara masa nan take. Daga cikin harsunan Afirka ta shigar da Kiswahili a 2017, da Zulu a 2022.

(b) Masu bitar kalmomi, kamar Anki ta 2006 da Memrise ta 2010.

(c) Ƙamusoshi da na'urorin fassara. An buɗe Google Translate a 2006, aka sa Hausa cikinta a watan Disamba na 2013, tare da Yarabanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu.

(d) Masu sada malami da ɗalibi daga nesa, kamar Zoom da WhatsApp, waɗanda aka dogara da su ƙwarai sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020.

Bayan waɗannan, tun daga ƙarshen 2022 da aka fito da ChatGPT, an sami manhajojin da ɗalibi zai yi hira da su a rubuce, su ba shi amsa da harshen da ya zaɓa.

3.0 Inda Ƙarfinsu Yake

Babban abin da na'ura ta fi ɗan Adam iyawa shi ne maimaici bisa lissafi. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yakan manta mafi yawan abin da ya haddace cikin ɗan lokaci kaɗan, amma duk sa'ad da ya sake bita, mantuwar takan rage gudu. A 1972 Sebastian Leitner ya mayar da wannan ya zama dabarar karatu: a rubuta kalmomi a kan katuna, a zuba cikin jerin akwatuna. Katin da ɗalibi ya tuna sai a tura shi akwatin gaba, wanda ba a buɗewa sai bayan kwanaki, wanda ya manta kuwa a komar da shi akwatin farko, wanda ake dubawa kullum. Irin wannan lissafi Anki da 'yan'uwanta suke yi, suna ƙididdige ranar da ya kamata kowace kalma ta sake bayyana. Wanda ya san yadda mahaddacin Alƙur'ani yake komawa tilawar baya don kada ta kuɓuce masa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bambancin kawai shi ne na'ura ba ta gajiya, ba ta kuma manta inda kowane ɗalibi ya tsaya.

Amfani na biyu shi ne kusantar da abin da yake nesa. Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa da Yarabanci da Ibo, ban da harshensa na gida, amma ƙarancin malamai ya hana wannan tanadi cika a wurare da yawa. Har ila yau akwai 'ya'yan Hausawa da suka tashi a zangon Kumasi ko Akara, ko a Sudan, ko a ƙasashen Turai, waɗanda suke jin Hausa ba su iya karanta ta ba, ko kuma Hausar ta fara kuɓuce musu. Ga irin waɗannan, wayar hannu ita ce makaranta mafi kusa.

4.0 Inda Matsala Take

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana ɗauke da karin sama, ko karin ƙasa, ko faɗau, kuma wasali yana iya zama dogo ko gajere. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Dubi waɗannan misalai, inda aka ninka dogon wasali, aka kuma sa alama a kan karin ƙasa:

kuukaa (zubar da hawaye) da kuukàa (itaciya)
gàrii (birni ko ƙauye) da gàarii (niƙaƙƙen hatsi)
bàaba (mahaifi) da baabàa ko baabà (uwa ko gwaggo) da baabaa (tsiron rini)

A rubutun yau da kullum, kuka ɗaya ce, gari ɗaya ne, baba ɗaya ce. Al'amarin bai tsaya ga ma'anar kalmomi ba, ya shiga cikin nahawu. Jimlar "Audu ya zo" tana iya zama labari, idan aka ja wasalin lamirin suna da karin sama, yaa zoo, tana kuma iya zama umurni, idan aka gajarta shi da karin ƙasa, yà zoo. Haka nan harafin r sauti biyu yake wakilta, na rana daban, na riba daban.

Bahaushe ba ya jin nauyin wannan, domin ya riga ya san harshen kafin ya san rubutun. Idonsa yana ganin baƙaƙe, kunnensa yana cike gurbin. Mai koyo kuwa ba shi da wannan kunne. Idan manhaja ta nuna masa katin da aka rubuta gari, ta ba shi ma'ana ɗaya, ba tare da murya ba, to, ya haddace siffar kalma ce kawai. Maimaicin da aka yaba a baya sai ya zame masa cuta, domin kuskuren furucin da ya ƙirƙira wa kansa shi lissafin zai yi ta cusa masa har ya zauna, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsala ta biyu ita ce ta baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun cikin shekarun 1930. Da yawa daga cikin masu rubutu a intanet ba sa sa su, sai ƙasa ta koma kasa, ƙare ta koma kare, ɓari ya koma bari. Na'urorin fassara da na hira kuwa daga tarin rubutun da aka ba su suke koyo, ta hanyar lura da kalmomin da suka saba zuwa tare. Abin da aka shuka shi yake tsira: in an ciyar da na'ura gurɓataccen rubutu, shi za ta mayar wa ɗalibi, kuma ba ta faɗa masa ta yi kuskure.

Ta uku ita ce karin harshe. Basakkwace yakan ce hwari inda Bakano yake cewa fari, kuma marubutan Nijar suna rubuta ƴ inda na Nijeriya suke rubuta 'y. Manhajar da ta cakuɗa waɗannan ba tare da bayani ba, rikita mai koyo za ta yi.

5.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masana da Malamai

Kayan gyara suna nan. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934, wanda aka riga aka ɗora a intanet, da na R. C. Abraham na 1949, da wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano a 1977, duk sun nuna kari da tsawon wasali. A 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan aiki da murya. Shirin Common Voice, wanda Mozilla ta fara a 2017, yana tattara muryoyin masu sa kai suna karanta jimloli, kuma Hausa tana cikin harsunansa. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi suna da ɗaliban da za su iya yin irin wannan aiki bisa ƙa'ida, a ɗauki muryar maza da mata, a rubuta garin kowane mai magana, a sa wa kowace kalma alamominta. Wannan fage ne na bincike ga ɗaliban digiri na biyu da na uku.

Malamin aji shi ma yana da abin yi tun kafin a kai ga wancan. Zai iya shirya katunan Anki da kansa daga littafin da yake koyarwa, ya ɗora wa kowane kati muryarsa. Zai iya sa ɗalibai su turo masa karatu ta saƙon murya, ya saurara ya gyara. Zai iya nuna musu yadda ake zaɓar allon rubutu na Hausa a waya, ya kuma ƙi karɓar aikin da ba a sa wa baƙaƙe ƙugiya ba. Zai ma iya kawo fassarar na'ura cikin aji, a karanta, ɗalibai su tsamo kurakuranta, su faɗi dalilin kowane. Da haka gazawar na'urar ta zama darasin nahawu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa waɗannan manhajoji suna da ƙarfi wajen bita da wajen kai darasi inda malami bai kai ba, amma rubutu suka fi riƙo da shi, rubutun Hausa kuwa ya bar kari da tsawon wasali a bakin mai magana. Saboda haka ma'aunin da ya kamata malami ya ɗora kowace manhaja a kai kafin ya miƙa ta ga ɗalibai tambayoyi uku ne: shin tana da muryar Bahaushe, shin tana bin ƙa'idar rubutu, shin ta bayyana wace Hausa take koyarwa? Wadda ta cika ukun ta cancanci shiga aji. Wadda ta gaza kuwa sai a yi amfani da ita a gaban malami, har zuwa ranar da masana harshen za su ba ta abin da ta rasa.