Kafin ka ɗaga ɗakinka, zauna ka yi lissafi

Manomi, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin duba gida. Zagaya ɗakinka, ka duƙa, ka dubi gindin bango. In ka ga laka ta zaizaye, ko ka taɓa ta ta zube kamar gari, ko ka ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito, to ɗakin nan yana neman magani kafin ruwa ya sake sauka.

Ka tuna da damanar 2024. A ƙasar Nijar ruwa ya kashe mutum kusan 400, ya taɓa fiye da mutum miliyan 1 da rabi. Ran 3 ga Satumba na waccan shekara tsohon masallacin laka na Damagaram ya faɗi, bayan ya yi fiye da shekara 150 a tsaye.

Mu nan Kiyeshe cikin kwarin Dallol Mawri muke zaune. Ruwan da ya sauka bisa duwatsu, ƙoramu ke kawo mana shi. Ruwan ƙasa kuma ba shi da nisa. Shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi, shi ya sa garkar rani take yin kyau. Amma ruwan da ke raya garka, shi ne ke kashe bango.

Yadda ruwa ke cin bango

Ruwa yana kama bango ta hanya uku. Akwai wanda ke kwance a tsakar gida ya jiƙa gindin gini. Akwai wanda ke zubowa daga indararo ya fantsama. Akwai kuma wanda ba ka gani: damshin ƙasa yana hawa cikin laka kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Yana tafe da gishirin ƙasa. In rana ta busar da shi, gishirin ya zauna, laka ta ruɓe.

Duka ukun a gindi suke aiki. Nauyin ɗaki kuwa duk a gindi yake. Don haka wanda ya kashe kuɗinsa wajen yaɓe da fenti, ya bar tushe, ya yi aikin banza. Kuɗin farko na ƙasa ne.

Ana iya ɗaga ɗaki?

A wasu ƙasashe ana yi. A Amurka gidaje da yawa na katako ne. Bayan ruwan teku ya ci garin Galveston a 1900, mutanen garin sun ɗaga gini wajen 2,000 da jak, irin wanda ake ɗaga mota da shi, suka cika ƙarƙashi da rairayi. Katako yana jure wannan. Laka ba ta jurewa. Bangon laka in ka ɗaga shi, tsagewa zai yi. Mu abin da muke iya ɗagawa shi ne rufi da daɓe. Bango kuwa sai dai a sake masa gindi, ko a rushe a sake shi bisa tushe mai tsawo.

Dubi irin ɗakinka.

Kago mai jinka. Wannan ya fi sauƙi. Ka gayyaci maƙwabta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sauke ta gefe. A gina tushen dutse, a ɗora bango, a mai da jinka bisa. Rumbun kara ma haka: a ɗauke shi tun ba a zuba hatsi ba, a jera manyan duwatsu, a ɗora shi.

Ɗaki mai rufin kwano. Kwano ba shi da nauyi. Ana tokare shi da itace, ko a cire shi a ajiye. In an gama aikin ƙasa, a ƙara wa bango tsawo, a mai da kwanon.

Shigifa mai azara da rufin laka. Nan ne hatsari yake. Rufin yana da nauyi ƙwarai. Kada ka taɓa gindin shigifa ba tare da magini wanda ya san aikin ba.

Akwai bangon da ba ya gyaruwa. In ya karkata, ko ya tsage daga sama har ƙasa, ko kusurwa ta rabu har hannu yana shiga, kada ka zuba kuɗi a ƙarƙashinsa. Rushe shi. Ba ka yi hasarar kome da kome ba: azara, ƙofa, taga da kwano duk za su koma. Tsohuwar laka ma ana sake kwaɓa ta a buga birgi. Ta gindi kaɗai, mai gishiri, ita za ka zubar.

Sake gindin bango yana tsaye

In bango yana tsaye sak, gindi kaɗai ya lalace, ga yadda ake yi.

1. A fitar da kaya. Kada kowa ya kwana cikin ɗakin sai an gama. A hana yara zuwa wurin.
2. A tokare rufi da itace mai ƙarfi, daga ciki.
3. A raba bango gunduwa-gunduwa da gawayi. Kowace gunduwa kada ta wuce kamu 2, wato mita 1. A rubuta musu lamba: 1, 2, 3, 4, a sake 1, 2, 3, 4.
4. A fara da masu lamba 1 kaɗai. A sare ruɓaɓɓiyar laka, a gina rami har a iske ƙasa mai tauri.
5. A cika ramin da dutse. Abin da ya fito sama da ƙasa a gina shi da dutse da siminti: awo 1 na siminti, awo 5 na rairayi mai tsabta.
6. A shimfiɗa leda mai kauri bisa dutsen, don ta tare damshi. A cusa ƙananan duwatsu da kwaɓi tsakaninta da tsohon bango, har ba sauran kafa.
7. A riƙa yayyafa wa simintin ruwa safe da maraice, kwana 7. Sannan a buɗe masu lamba 3, daga baya 2, daga baya 4.

Kada a buɗe gunduwa biyu da ke manne da juna rana ɗaya. Mai gaggawar da ya sare gindin bango duka, shi ne bango ke faɗa wa.

Tsawon da za ka ɗaga

Ruwa ya bar maka shaida. Nemi zanen da ya yi a jikin bango ko a jikin itace shekarar da ya fi yawa. Tambayi tsofaffin unguwa inda ya taɓa kaiwa. Tushenka ya wuce wannan zane da taƙi 1 ko 2.

Ka lura da abu guda. In ka cika cikin ɗaki da ƙasa, daɓe ya hau, rufi ya matso kanka, ƙofa ta gajarta. Dole ka ƙara wa bango sahu 2 ko 3 na birgi, ka ɗaga ƙofa, ka yi matakala a bakinta. Mutane da yawa suna manta wannan cikin lissafi, sai kuɗi su ƙare ɗaki yana buɗe.

Lissafin ɗaki ɗaya

Ɗauko takarda da alƙalami, karatun da ka yi ya yi maka rana. Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 daga ciki. In ka haɗa da kaurin bango, zagayensa mita 16 ne.

Dutse. Rami mai faɗin kamu 1 da zurfin kamu 1, da tushe mai tsawon taƙi 2 sama da ƙasa, za su ci dutse wajen tan 10. In amalanken jaki yana ɗaukar rabin tan, sawu 20 ke nan.

Siminti. Tushen da ke sama da ƙasa zai ci buhu 6. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗin siminti, ta yanke tan ɗaya jika 55 a Yamai. Tan ɗaya buhu 20 ne. Buhu ɗaya ya kama dala 550 ke nan, buhu 6 kuwa jika 16 da rabi. Wannan misali ne na yadda ake lissafi. Kai je Dogon Dutsi ka tambayi kuɗin ranar, ka ƙara da ladan mota ko na amalanke zuwa ƙofar gidanka.

Ƙasar ciko. Ɗaga daɓe taƙi 1 da rabi zai ci sawu 13 na tsakuwa ko jar ƙasa. A zuba kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara.

Sauran abin da za ka rubuta: rairayi, leda, birgin ƙari, itacen tokari, ƙusa, ruwan kwaɓi, ladan magini, abincin ƴan gayya. Kowane ɗaya da layinsa, da yawansa, da kuɗinsa. In ka tara jimla, ƙara kashi 1 cikin 5 bisa kai. In jimla ta kama jika 50, tanadi jika 60. Sai an buɗe gindin bango ake ganin ɓarnar gara da ta ruwa.

Da magini kuwa, ku yi ciniki gaban shaidu, a rubuta. Aiki kaza, kuɗi kaza, kwana kaza. Kada ka biya duka tun farko. Raba kuɗin kashi 3: farkon aiki, tsakiya, da ƙarshe.

Ina kuɗin za su fito?

Fara ƙirga damman da iyalinka za su ci har kaka mai zuwa, da iri. Wannan ba na sayarwa ba ne. Wanda ya sayar da gero da araha a kaka don siminti, zai saye shi da tsada a bazara. A nemi kuɗin gini daga wake, gyaɗa, ɗan akuya, kayan garka, ko abin da ɗan cin rani ya aiko. Uwargida in tana cikin asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ku yi shawara tare. Ɗakin da za a gyara, ita da yara suka fi kwana cikinsa.

Abin da ƙarfinka zai iya, kada ka saya. Dutse yana nan bisa tudu. Mai amalanke ya rage rabin wahala. In kuɗin ba su isa ɗaki duka ba, fara da bangon gabas, wanda hadari ke duka, da wanda ruwa ke kwanciya a gindinsa. In ba su isa gida duka ba, ɗakin kwana da rumbu su ne farko. Zaure ya jira baɗi.

Mai son ɗora bene, ya yi shago ko ɗakin ajiya a ƙasa, ya sani tushen ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar biyu. Wannan sabon gini ne, daga rami ake fara shi. Tun ran gini tun ran zane.

Lokacin aiki

Tara dutse da rairayi a Nuwamba da Disamba. Buga birgi da sanyi, ya bushe sosai. Sayi siminti daf da aiki, ka ajiye shi bisa itace, gama damshi yana kashe shi. A fara a Janairu ko Fabrairu, a gama kafin ƙarshen Afrilu. Kada hadarin farko ya iske gindin bangonka a buɗe.

Ruwa yana son hanya

Ɗaga ɗaki ba ya rage ruwa, wuri kawai yake sake masa. Kada ka gina ramin ɗibar ƙasa kusa da gida, zai zama tabki. Ƙasar da ke jikin bango ta gangara waje. Indararo ya yi tsawo, a jera duwatsu inda yake zuba. Kuma kada ka tura ruwanka ɗakin maƙwabci. Ku zauna da maigari da ƴan unguwa, ku fitar wa ruwa hanya guda. A Dogon Dutsi an jera duwatsu cikin ƙoramun da ke gangarowa gari don a rage ƙarfin ruwa. Wannan aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba.

In kuwa gidanka a bakin ƙorama yake, ko cikin gurbin tabki, babu tushen da zai tsare shi. Je wurin maigari da ma'aikatar gunduma, ka nemi fili a tudu.

Ɗan'uwa, kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. Ku auna ɗakunanku tare, kowa ya rubuta lissafinsa. Allah ya kai mu damana lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka.